Hardis Ɗinka Ya Fara Ƙas-Ƙas? Ga Abin da Ke Ciki, Ga Kuma Abin Yi

A kan teburin shagona akwai wani hardis buɗaɗɗe, wato ma'ajiyar bayanan da ke cikin kwamfuta, faifansa na sheƙi kamar madubi, har yara kan leƙa su duba fuskarsu a ciki. Ni na kashe shi da hannuna. Ina yaron shago a lokacin, wata na huɗu da fara koyon gyara, maigidana ya tafi sallar la'asar ya bar ni da kwamfutar wani mai ɗaukar hoton biki. Hardis ɗin yana ta ƙas, ƙas, ƙas. Na ce a raina ai wani abu ne ya maƙale, bari in buɗe in gyara kafin oga ya dawo ya yaba mini. Na kwance kusoshin da ke waje, na lalubo wani ɓoyayye a ƙarƙashin takardar da ke manne a murfin, na ɗaga, na hure faifan da baki, sannan na sa gefen rigata na goge shi tas. Da maigida ya dawo bai yi mini faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Kallona kawai ya yi ya ce, "To, kai za ka gaya wa mai shi." Hotunan aure uku ne a ciki.

Tun daga ranar na ajiye shi, kuma da shi nake yi wa mutane bayani. Abin da na lura da shi a shekarun nan shi ne, yawancin bayanan da ke salwanta ba lalacewar hardis ce ke cinye su ba, abin da mai shi ya yi bayan lalacewar ta fara ne. Wanda ya san abin da ke juyawa a cikin akwatin nan ba zai yi waɗannan kurakuran ba, don haka daga ciki za mu fara.

Abin da za ka gani idan an ɗaga murfi

Wanda ya taɓa ganin garmaho ya riga ya ga kakan hardis: faifai yana juyawa, hannu ɗauke da allura yana tafiya a kansa. A hardis ɗin laftof faifan ɗaya ne ko biyu, a manya na kwamfutar tebur sukan fi haka, an jera su a sanda ɗaya kamar an ɗora faranti kan faranti da ɗan tazara. Ana yin su da alminiyom ko gilashi, na laftof galibi gilashi ne, sai a shafe fuskokinsu biyu da wani siririn ƙarfe mai ɗaukar maganaɗisu. Kowace fuska da allurarta, kuma duk alluran a hannu ɗaya suke, tare suke shiga tare suke fita.

Injin da ke juya faifan yana yin zagaye 5,400 a minti ɗaya a yawancin laftof, 7,200 a yawancin na tebur. Raba 7,200 da sittin, zagaye 120 ke nan a daƙiƙa guda. Kafin ka ƙifta ido ya kewayo sau da yawa.

Inda ya rabu da garmaho shi ne allurar hardis ba ta taɓa faifai. Iskar da juyawar faifan ke kaɗawa ce take ɗaga ta, tana shawagi a sama da tazarar da ba ta kai nanomita 10 ba. Nanomita kuwa, a raba milimita ɗaya gida miliyan, kashi ɗaya ke nan. Silin gashin kai ɗaya ya kai nanomita dubu 50 ko fiye. Yanzu ka auna abin da ƙwayar ƙurar hunturu ɗaya take a gaban wannan allura: dutse ne a tsakiyar titi, mota kuma na gudu. Shatin yatsa ma tudu ne. Abin da ya sa ke nan ake harhaɗa hardis a ɗakin da aka tace iskarsa, shi ya sa kuma rigata ta yi wa na mai hoto kisan da ba tashi.

Idan ka juya hardis za ka iya ganin wata 'yar huda da rubutun gargaɗi kada a toshe ta. Ta nan yake numfashi don iskar ciki da ta waje su daidaita, kuma akwai matata a bayanta. Kada ka liƙa mata sitika. Manyan hardis na kamfanoni da aka cika da iskar hiliyom, waɗanda kamfanin HGST ya fara fitarwa a 2013, su a rufe suke ruf.

Yadda yake rubutu da karatu

Duk abin da ke kwamfuta, hoto ne ko karatun Alƙur'ani ko takardar filinka, jerin sifili da ɗaya ne. Guda takwas su ne bayit ɗaya. Hardis ba ya karce komai a faifai. A bakin allurar akwai wata 'yar waya da aka naɗe. Idan wuta ta bi ta cikinta sai ta zama maganaɗisu, ta juya fuskar maganaɗisun ɗan gurbin da ke wucewa ƙarƙashinta a wannan lokacin. A juya wutar, gurbi na gaba ya fuskanci ɗaya ɓangaren. Haka ake jera su, wannan sama wannan ƙasa, kuma inda aka bar su nan suke zama ko an ɗauke wuta shekara guda. Wannan ne bambancinsa da ram, ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, wanda da an kashe kwamfuta ya manta komai.

Karatu kuma wani ɗan ƙaramin ma'auni ne daban a jikin allurar yake yi. Yana jin duk inda fuskar maganaɗisu ta sauya, sauyin ya canza yadda wuta ke ratsa shi, allon da ke bayan hardis ya mayar da wannan zuwa sifili da ɗaya. Ilimin da ya sa ma'aunin ya iya jin gurbi ƙanƙane haka, Albert Fert na Faransa da Peter Grünberg na Jamus suka gano shi a 1988, kowa a nasa ɗakin bincike, aka ba su kyautar Nobel a 2007. A wannan shekarar ce kuma Hitachi ya fitar da hardis na farko mai terabayit ɗaya. Nakan tuna wa masu ƙorafin cewa giga 500 ya yi musu kaɗan cewa hardis na farko, wanda IBM ya fito da shi a 1956, faya-fayai 50 ne a cikinsa, kowanne faɗinsa inci 24, girman na'urar ya kai firij biyu, kuma abin da take ɗauka haruffa miliyan biyar ne kacal. Hoto ɗaya ko biyu na wayar hannunka sun cika shi.

An tsara fuskar faifai kamar gonar da aka yi wa kunyoyi, sai dai kunyoyin a zagaye suke, ɗaya cikin ɗaya, dubbai a kan dubbai. Kowace kunya an yanka ta gunduwa-gunduwa, gunduwar ita ake kira sekta. A da kowace sekta bayit 512 take ɗauka, sababbin hardis na tun wajen 2011 kuwa 4,096. Kowace tana da lambarta, kuma a wutsiyarta akwai ƙarin lissafi da hardis ke amfani da shi ya gane ko abin da ya karanta daidai ne, har ya gyara ƙaramin kuskure da kansa ba tare da ka sani ba. Akwai kuma alamomin da aka dasa tun a masana'anta a tsakanin sektocin, su ne ke gaya wa allura a kunya ta nawa take.

To idan kwamfuta ta nemi sekta kaza, abu biyu ake jira. Hannu ya kai allura kan kunyar, sannan a jira faifai ya kewayo da sektar. Duka biyun sukan ci kamar kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa ko ɗan fiye. Kaɗan ne a ido, amma nan ne amsar tambayar da ake yawan yi mini: "Malam, me ya sa fim mai giga biyu ya kwafu nan da nan, amma foldar hotuna mai giga biyu ta ɗauki rabin awa?" Fim a jere yake, allura ta zauna wuri ɗaya faifai na kawo mata. Hotuna dubu goma kuwa, kowanne sai an je an dawo, an rubuta shi an kuma rubuta sunansa a wani wuri daban. Mai auna buhu ɗaya da mai ƙulla ƙullin naira hamsin-hamsin ba za su tashi lokaci ɗaya ba.

Littafin sarkin kasuwa

Wannan "wani wuri daban" shi ne abin da ya fi muhimmanci ka fahimta. Ɗauki hardis a matsayin kasuwa mai rumfuna miliyoyi, kowace da lamba. Windows tana riƙe da littafi guda, kamar na sarkin kasuwa, inda aka rubuta cewa fayil mai suna kaza kayansa na rumfa ta kaza zuwa ta kaza. Idan babu rumfuna a jere da za su ɗauke shi, sai a rarraba kayan, wasu a gabas wasu a yamma, a rubuta duka a littafin. Yawan wannan rarrabuwa na sa hardis nauyi, amma Windows ta yanzu tana tattara su da kanta lokaci-lokaci, ba sai ka damu ba.

Idan ka goge fayil, har ka zubar da kwandon shara, ba a taɓa kayan da ke rumfa ba. Suna kawai aka soke a littafi aka ce rumfar nan babu mai ita. Kayan na nan har ranar da aka ba wani sabon fayil wurin ya zuba nasa a kai. Fomat na gaggawa ma haka ne, sabon littafi aka buɗe, kasuwa na nan cike.

Saboda haka idan ka goge abu bisa kuskure, ga yadda za ka yi. Ka daina amfani da kwamfutar nan take. Kada ka shiga intanet da ita neman manhajar dawo da fayil, domin duk shafin da ka buɗe ana rubuta wani abu a hardis, manhajar da ka sauke kuma tana iya sauka daidai kan abin da kake nema. Kashe ta. Cire hardis ɗin, ka sa shi a 'yar akwatin nan ta USB da ake sayarwa, ka jona a wata kwamfutar. Daga can za ka bincika shi da Recuva, ko PhotoRec idan ba ka tsoron baƙin allo mai rubutu zalla; duka biyun akwai na kyauta. PhotoRec ba ya bin littafi, rumfa-rumfa yake bi yana gane fayil daga kamanninsa, don haka zai dawo maka da kaya ba sunayensu, sai ka zauna ka tantance. Abin da aka samo kuma a ajiye shi a wani wuri, filas ko hardis na biyu, ba a kan wanda ake cetowa ba. Wannan kuskuren na ƙarshe na gan shi ya fi a ƙirga, har a hannun masu gyara.

Sai dai duk wannan maganar hardis mai faifai ce. Idan SSD ne a kwamfutarka, wato ma'ajiya irin ta filas, babu faifai babu allura, kuma shi da an goge fayil yakan share gurbin da kansa ba da daɗewa ba. A nan fatan dawowa kaɗan ne.

Duba lafiyarsa tun yana amsawa

Hardis yana riƙe da rahoton lafiyar kansa, ana kiran tsarin SMART, sai dai ba ya faɗa sai an tambaye shi. Sauke CrystalDiskInfo, kyauta ce, ka buɗe. Shuɗi lafiya, rawaya gargaɗi, ja kuwa an kusa. Amma kada ka tsaya a kala, gangara cikin jerin ka duba layi uku. Mai lamba 05 yana ƙirga sektocin da suka lalace har hardis ya musanya su da na ajiya, don kowane hardis yana da 'yan rumfunan ko-ta-kwana da ya ɓoye. C5 sektocin da ya kasa karantawa ne yake jiran ya ga abin da zai yi da su. C6 waɗanda ya kasa gyarawa. Lambar da ke can ƙarshen layin ita ce ainihin ƙidayar, kuma so ake ta zama sifili a duka ukun.

Ni a wurina, in C5 ya tashi daga sifili, a ranar nake kwashe kaya. In 05 ya nuna 'yan kaɗan ya kuma tsaya cak wata da watanni, hardis na iya ci gaba da aiki, amma ba zan ajiye abin da ba ni da kwafinsa a kai ba. In kuwa yau takwas ne, mako mai zuwa arba'in, to ciwo ne mai yaɗuwa. Kuma kada shuɗi ya ruɗe ka, na sha ganin wanda ya nuna lafiya da safe ya mutu da yamma.

Masu sayen laftof 'yar Beljiyam, wannan manhajar ku sa ta a filas ku tafi da ita kasuwa. A saman allon tana nuna awannin da hardis ya yi a kunne. Shekara guda awa 8,760 ce. Idan mai kaya ya ce "Alhaji, wannan ko wata shida ba ta yi ba" ka ga awa dubu 25, ka san hardis ɗin ya yi kusan shekara uku yana juyawa ba hutu, sai a sake zaman ciniki. Amma idan ka sayi mai giga 500 ka ga Windows ta nuna 465, ko terabayit ɗaya ya nuna 931, kada ka koma ka tayar wa bawan Allah da hankali. Masu ƙerawa da dubu suke lissafi, Windows da 1,024. Ba wanda ya cuce ka.

Ranar da ya fara ƙara

Ƙaran nan na ƙas-ƙas hannu ne yake fita neman alamomin kunya da na ambata, ya kasa karanta su, ya koma ya daki mazauninsa, ya sake fita. Wani lokaci wuta ce ba ta ishe shi ba, musamman hardis na waje: canza waya, canza ramin USB, cire shi daga abin rarraba USB ka jona kai tsaye. Babban hardis na tebur yana buƙatar wuta iri biyu, bolt 5 da bolt 12, don haka wayar USB kaɗai ba za ta tayar da shi ba sai da cajarsa. Gwaji ɗaya ko biyu ya isa. Idan ƙaran bai daina ba, kashe. Idan kuma ƙaran gurzawa kake ji, kamar ana wasa wuƙa, to allura ta sauka kan faifai, kowane zagaye tana kankare fuskar da bayananka ke kai, garin da ta kankaro kuma yana ƙara cin sauran. Zagaye 90 ko 120 a daƙiƙa, ka lissafa abin da minti biyar na "bari in sake gwadawa" zai yi.

Kada ka buga shi. Kada ka sa shi a firiza, duk da za ka ji masu rantsuwa cewa ya yi musu aiki. Da ka fito da shi raɓa za ta kwanta a kan faifai. Kada ka buɗe, ka ji labarina. Sauya allon baya da na wani hardis irinsa ma ba ya wadatarwa a na zamani, domin akwai wani ɗan guntu a allon da ke riƙe da saitin wannan hardis ɗin shi kaɗai, sai an ciro shi an mayar a sabon allon. Hardis mai ƙara aikin masu ɗaki mai tataccen iska ne da kayan sauya allura. Suna da tsada, kuma kafin ka miƙa wa kowa ka tambaye shi a ina zai buɗe. In ya nuna maka teburinsa, karɓi kayanka.

Akwai kuma wanda bai fara ƙara ba amma ya yi nauyi, kwafi ya kai kashi 40 ya tsaya, kwamfuta ta daskare. Wannan shi ne mai rabon a cece shi, kuma shi aka fi kashewa da gyara. Kada ka yi masa fomat ko da Windows ta ce sai an yi. Kada ka sa manhajar duba kurakurai ta bi ta kansa, wahalar da mara lafiya ne da gudu. Fara kwashe mafi muhimmanci, takardu kafin finafinai. Wata ɗaliba ta taɓa zuwa da laftof, saura kwana tara ta miƙa kundin bincikenta, ta ce mini tun daren jiya take kwafe hardis ɗin kuma ya tsaya. Na duba, ashe foldar finafinan Indiya ta fara da ita don ita ce a sama. Na ce, "Ƙanwata, ina kundin yake?" Megabayit shida ne duka-duka. Cikin ikon Allah ya fito a gwaji na biyu, hardis ɗin kuma bai kai magariba ba.

Idan duka ake so, hanyar da nake bi ita ce manhajar ddrescue a kan Linux, wani tsarin tafiyar da kwamfuta daban da Windows. Tana ɗaukar kwafin hardis gaba ɗaya zuwa wani lafiyayye, ta fara da wuraren da ke karantuwa cikin sauƙi, ta tsallake masu wuya, sai a ƙarshe ta dawo musu, kuma tana rubuta inda ta tsaya ko da an ɗauke wuta. Sabon hardis ɗin dole girmansa ya kai na tsohon ko ya fi. Ka duba sunayen biyun sau uku kafin ka danna, domin in ka juya su, wofin ne zai hau kan mai kayan. Daga nan duk wani bincike a kan kwafin ake yi, asalin a ajiye shi gefe.

Sauran kulawa ba ta da yawa. Kada a ɗaga laftof ana jijjiga ta tana kunne, kada a ajiye hardis na waje a bakin tebur waya na reto inda yaro zai ja. Kada a ɗora laftof kan katifa a zafin watan Afrilu. In CrystalDiskInfo ta nuna zafin ya haura digiri 50, a ba ta iska. Ɗaukewar wuta ba ta cika sa allura ta faɗi ba, don hardis na amfani da ragowar juyin faifai ya janye hannu zuwa mazauninsa, amma tana iya katse rubutu a tsakiya ta hargitsa littafin, shi ya sa kwamfutar tebur ke son UPS. Abin da ba ka so ka rasa kuma ya zauna a wuri biyu aƙalla, ɗaya ba a cikin jakar laftof ɗin ba, don ɓarawo da jaka yake ɗauka.

In za ka sayar ko ka kyautar

Ka tuna kayan na nan a rumfa bayan an soke suna. Na sha sayen tsohon hardis in tarar da hotunan iyalin mutane da takardun banki, mai shi yana can yana ganin ya goge. Kafin ya bar hannunka, jona shi a wata kwamfuta ka yi masa cikakken fomat, wato ka cire alamar da ke kan zaɓin gaggawa. Tun daga Windows Vista, cikakken fomat yana bin kowace sekta ya rubuta sifili a kai. Zai ɗauki awanni, ka bar shi ya gama. Zagaye ɗaya ya wadatar.

Hardis ɗin da ya mutu kuwa ba ya karɓar fomat, amma faifansa na ɗauke da komai. Kada ka ba 'yan gwangwan shi haka nan. Wannan ne kaɗai lokacin da na yarda ka buɗe: kwance shi, ciro faifan, ka huda shi ko ka lanƙwasa. In na laftof ne ka naɗe shi a tsumma tukuna, gilashi ne, tarwatsewa yake yi ya shiga ido. A kusurwa, gindin hannun, za ka tarar da maganaɗisu mai lanƙwasa kamar ƙoda, shi ne ke tuƙa hannun. Ciro shi ka ajiye, yana da ƙarfin gaske, ni a jikin nawa nake tara ƙananan kusoshin laftof don kada su ɓace. In guda biyu ne ka raba su nesa da juna, in suka haɗu da fatar yatsa a tsakani sai ta tara jini.